Orval Ya Sauka Daga Dutse

Hutu kawai Marlys ta zo yi a ɗan garin nan na kan tsaunukan Colorado a Amurka, tun tana budurwa. Iskar wurin da shirunsa suka shiga ranta, ba ta sake komawa birni ba. Ta kama aiki a gidan burodi, ta yi aure, a nan kuma ta binne mijin.

Sannu a hankali gidajen layinsu suka koma na haya. Baƙi su zo wasan zamiya a kan ƙanƙara, su kwana biyu su wuce, ko sunansu ba a sani ba. Maƙwabci ɗaya ya rage mata, Orval, tsohon direban motar share ƙanƙara. Kullum da hantsi sai ya tsallako shan gahawa, ya kushe ta tas, sannan ya nemi ƙari.

Wata safiya ya sha bai ce uffan ba.

"Lafiya, tsoho? Yau bakin ya mutu ne?" in ji Marlys.

"Na sayar da gidan," ya ce. "Likita ya ce huhuna ya gaji da iskar saman nan. Arizona zan koma, wurin 'yata."

"Arizona! Ka je ka gasu kamar ƙadangare."

"Gara gasuwa da daskarewa." Ya ajiye kofin. "Akwai ɗaki a can, Marlys. Ki zo mu tafi. Wa ya rage miki a nan?"

Saura kaɗan ta ce to. Sai ta tuna hanyar bakin tafki da take bi kowace yamma, da barewar da ke shigo mata lambu, da kabarin mijinta da ke bayan coci.

"Ba zan iya ba, Orval," ta ce.

Bai matsa mata ba. Ranar tafiyarsa ta gasa masa burodi, ta tsaya a bakin titi har motar ta sha kwana.

Da ƙanƙara ta sake zuba, babu mai share mata ƙofa kamar yadda Orval ya saba. Ta ɗauki shebur tana yi tana hutawa. Wata baƙuwa ta leƙo daga gidan Orval ta ce, "Kai, Mama, kin more! Zama a nan ai aljanna ce."

"Haka ne," in ji Marlys. Ba ƙarya ta yi ba.

Ta so ta kira ta su sha wani abu mai ɗumi, amma matar ta riga ta rufe ƙofa.