Kwallin Injin Istifanus

Reza ta taɓa ɗinkin farko ke nan, Tani ta cafke hannun Istifanus.

"Sannu a hankali, ɗan nan. Gidana ne a ciki."

"Na sani, Mama," in ji shi. "Wanzami ma ba zai fi ni lallaɓawa ba."

Abin da ke kan teburin bai kai tafin hannu ba. Jar fata ce da aka ɗinke kusurwa huɗu kamar laya, zufa ta mayar da ita baƙa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da mijin Tani, marigayi Mati mai gyaran keke, ya karɓo takardar filinsa na Ƙofar Kwaya. Ya ga yadda gara ta cinye ta maƙwabcinsa a cikin adaka, shi kuwa ba mutum ne da ake gaya wa abu sau biyu ba. Ya ninke tasa har ta koma kamar gidan ashana, ya kai wa baduku ya ɗinke, ya rataya a wuya. Da ita a wuyansa ya gina ɗaki biyu da zaure, da ita ya kwanta ciwo. Ranar da za a yi masa wanka aka cire aka miƙa wa Tani. Ita ma ta rataya, ba ta taɓa ganin cikinta ba.

Zare ya saki. Istifanus ya zaro takardar da yatsu biyu, ya dinga warware ta ninki bayan ninki, ya shimfiɗa a kan tebur. Tani ba ta iya boko ba, amma ta iya karanta fuska, ta kuwa ga tasa ta sauya.

"Mene ne? Faɗa mani."

"Rubutun tafireta yana nan, sunan Baba yana nan. Amma sa hannun da hatimin sun koɗe. Zufa ta ci su, Mama. Da kyar nake ganin inuwarsu."

Tani ta nemi benci ta zauna.

*

Ba da son ranta ta yarda a farke fatar ba. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo Katsina da ƙarfinsu. Wanda jiya yake tura keke, yau ya samu kwangilar kwalbati, gobe yana neman filin da zai kafa bene. Filayen bakin ganuwa, waɗanda a da awaki ne kawai ke kula su, suka zama abin da ake zancensu da murya ƙasa-ƙasa. Sai ga sanarwa, wai duk mai fili ya kai takardarsa ofis a sabunta, wanda bai kai ba ya kuka da kansa.

A ofishin akwai wani akawu, Babaji, mai farar riga da biro uku a aljihu. Ba ya tsawa, ba ya zagi, wannan ne ma abin haushin. Zai karɓi takardar mace da hannu biyu, ya yi mata ta'aziyyar mijinta har da girgiza kai, ya ce ta dawo bayan sati biyu. In ta dawo, ya ja wannan durowa ya tura waccan, ya ce an tura Kaduna. Bayan wata uku, Allah sarki, ta ɓace a hanya. Hanyar Kadunar nan kuwa tana da zaɓe. Ba a taɓa jin ta ci takardar mai gemu da rawani ba, sai ta matan da suka fito daga takaba.

Hauwa'u, ƙawar Tani tun suna talla, ta riga ta bi wannan hanyar. Filinta na Ƙofar Sauri yanzu benen wani ne mai hawa biyu. A gindin katangarsa take shimfiɗa tabarma tana sayar da gyaɗa da alewa, daidai inda zogalenta yake a da. Tsallaken titi shagon Istifanus yake, wani ɗan kudancin Zariya da ya zo garin yana gyaran tafireta. Daga tabarmarta Hauwa'u ta lura da wani abu: mutum zai shiga shagon da takarda ɗaya, ya fito da biyu. Ta yi sati tana ƙirga masu shiga da fita kafin ta yarda da idonta, sannan ta ɗauki mayafi ta taka har Ƙofar Kwaya.

"Tani, kada ki kai masu uwar," ta ce, ko ruwa ba ta sha ba. "Ki sa yaron nan ya haifo maki ɗiyanta. Su za ki kai."

*

Injin kwafin ya cinye rabin shagon. Tsohon hannu ne, Istifanus ya saye shi a Kano wurin wani kamfanin hanya da ya gama aiki. 'Yar fitilar da ke nuna ya yi zafi ta mutu tun kafin ya zo hannunsa, sai da bayan hannu yake gwadawa. Ya buɗe gefensa ya zaro wani mazubi, ya leƙa, ya ɗan yi tsaki. Tani ta miƙo wuya.

"Wanga ai kwalli ne."

Ya yi dariya. "Kwallin inji, Mama. Masu shi tona suke ce masa. Tawada ce, amma ba ruwa a cikinta. Akwai maganaɗisu a cikin injin, shi ke kwaso hodar ya shafa ta daidai inda rubutu yake, sannan wuta ta gasa ta, ta manne." Ya bubbuga mazubin da yatsa. "Wadda na aika a sayo tana cikin jirgi a Ikko, wata huɗu ke nan jirage suna layi. Wannan kankaren gindin tukunya ne ya rage."

An ɗauke wuta tun safe, ba a jima da dawo da ita ba. Istifanus ya ga yadda tsohuwar ta ƙagu, tausayi ya sa shi gaggawa. Ya kifa takardar a kan gilashi, ya danna. Wani haske ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, Tani ta ce "Bisimillahi," ta ja baya. Inji ya yi gurnani, ya turo farar takarda da baƙin rubutu.

Ta karɓa. Ta juya ta, ta shinshina. Ita da ta girma a gidan da ake wanke allo, ba ta yarda da rubutu ba sai ta gwada shi. Ta ɗora babban yatsanta a kan layin farko ta murza.

Layin ya tashi gaba ɗaya. Ya bar baƙin tabo a takardar, ya bar baƙi a yatsanta.

"Me na goge?" ta tambaya.

Istifanus ya ce, "Sunan Baba ne."

Ranar da aka fita da Mati, Tani ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Yau a shagon baƙo, a kan sunan da ba ta iya karantawa ba, hawaye suka ƙwace mata. Baƙin ciki ya cika ta, da jin haushin kanta. Ta farke abin da mijinta ya ɗinke, ta biye wa Hauwa'u, ga shi ta tashi a tutar babu. Ta fara tattara fatar da guntayen zaren.

"Laifina ne, Mama, ba na injin ba," in ji Istifanus. "Ban bari ya yi zafi ba. Kamar a kwashe waina ne tun ba ta nuna ba. Ki ba ni ɗan lokaci." Ya ɗaga lalatacciyar takardar ya duba ƙasanta, ya ciji leɓe. "Sai dai ga wata matsalar. Wurin sa hannun fari fat ya fito. Injin nan ba ya ganin shuɗin biro in ya koɗe."

Ba sa hannu, ba hatimi, ko Tani ta san Babaji zai yi murmushi ya ce wannan takardar tsire ce.

Istifanus ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Can idonsa ya faɗa kan farantin Hauwa'u a tsallaken titi. Ya ƙetara da sauri har wata mota ta yi masa ham, ya dawo da Hauwa'u a bayansa tana tambayar ko lafiya, hannunsa cike da alewa mai rawayar leda. Ya ɓare guda huɗu, ya tura alewar gefe, ya goge ledojin da ƙyalle, ya miƙar da su da bayan cokali.

"Wani tsohon makaniki ya nuna mini a Kano," ya ce. "In ka rufe shuɗi da rawaya, sai ya koma wa injin baƙi."

Ya jera ledojin a kan gilashi, ya kifa takardar, sa hannun da hatimin suka hau kansu. Ya taɓa gefen injin da bayan hannu, ya jira. Ya sake taɓawa, ya sake jira. Sai da ya janye hannun da sauri sannan ya danna.

Takardar ta fito da ɗumi, kamar gurasa daga tanderu. A ƙasanta ga sa hannun, siriri amma baƙi, ga zagayen hatimin har da lambarsa. Tani ta murza da yatsa. Ta lasa yatsan ta sake murzawa. Ta tsoma shi a kofin ruwan Istifanus ta murza na uku, har takardar ta fara laushi. Sunan Mati bai motsa ba.

"Ikon Allah," in ji Hauwa'u. "Ɗiyar ta fi uwar kyau."

Guda biyar ya samu kafin rubutun ya fara fita toka-toka. Ya kashe injin, ya juya allon ƙofa alamar an rufe, ya sallami wani ɗan kwangila da ya iso da tulin takardu, ya ce masa kwalli ya ƙare.

*

Ranar Litinin Babaji ya tarbe ta da hannu biyu, ya yi mata gaisuwar Mati har da girgiza kai. Ta amsa duka, ba ta rage ko ɗaya ba. Sannan ta ajiye masa kwafi.

Ya duba, ya ɗan gyara zama. "Iya, wannan ai ba ta ainihi ba ce."

"Ta ainihin ga ta." Ta ja baya taki ɗaya, ta ɗaga ta da hannu biyu a gaban ƙirjinta. "Duba da ido, Malam. Idonka lahiya lau."

"Ƙa'ida ita ce a bar ta nan, mu tura Kaduna."

"To tura wadda ke gabanka. In ta ɓace a hanya, kada ka damu kanka ko kaɗan. Akwai ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya wurin liman, ɗaya wurin ɗiyata a Batagarawa. Mai injin kuma ya ce mani in kwalli ya iso, ko ɗari nake so."

Ba ta ɗaga murya ba, amma ofishin ƙarami ne, benci kuma cike yake. Wani dattijo ya yi dariya ya mayar da ita tari. Shugaban ofishin, da ke wucewa da kofin shayi, ya tsaya ya leƙa teburin, ya ce kai, har irin wannan injin ya iso Katsina? Ya gwada kwafin da ta ainihin da ke hannun Tani, ya ce ai daidai suke, a karɓa.

Babaji ya ɗora babban yatsa a kan sunan Mati ya ɗan murza, kamar mai share ƙura. Ya duba yatsan. Sannan ya zaro biro ɗaya cikin ukun, ya rubuta mata shaidar karɓa, ya buga hatimi da ƙarfin da ya wuce na hatimi.

Ba za a ce Babaji ya tuba ba, irinsu ba sa tuba da takarda ɗaya. Amma bayan sati bakwai sabuwar takardar Tani ta dawo daga Kaduna lafiya, ko kunnenta bai lanƙwashe ba.

*

Hodar ta iso a farkon damina, cikin kwali shida. Washegari da hantsi Istifanus ya zo buɗe shago, ya tarar da mata tara a jere a inuwar rumfarsa, yawancinsu da abu a ƙulle a gefen zane. Wata a cikin kwano ta kawo tata, wata a tsakiyar shafukan littafin mijinta. Tani na cikinsu tana nuna wa wata yadda ake murzawa da yatsa. Hauwa'u ce ta bi su gida-gida, daga Ƙofar Sauri har Ƙofar Kwaya.

Sai da ya kunna inji, yana jira ya yi zafi, Hauwa'u ta matso ta ajiye wani tsohon gwangwanin shayi a kan tebur. Ta buɗe. Babu komai a ciki sai tsatsa da ta zana kusurwa huɗu a gindinsa.

"Ɗan nan," ta ce a hankali, don kada sauran su ji, "shekara ashirin tawa ta kwana a nan ciki. In ka kifa wa injin, ba ya ganin komai?"

Istifanus ya leƙa cikin gwangwanin. "Ba ya gani, Mama."

Ta gyaɗa kai, kamar dama ta sani. Ta kwance gefen mayafinta ta fito da ledojin alewa rawaya, sun fi talatin, da ta riga ta wanke ta miƙar da su ɗaya bayan ɗaya. Ta jera su a cikin gwangwanin, ta tura masa.

"To riƙe waɗannan. Akwai masu koɗaɗɗen hatimi a cikinsu."

Ta ƙetara titi ta shimfiɗa tabarmarta a gindin katangar benen, ta gyara farantin gyaɗa. Daga inda take zaune ana ganin ƙofar shagon. Duk lokacin da hasken nan ya ratsa, sai ta ɗago kai ta ga wace ce za ta fito da biyu.