Saura Ƙiris Ya Kai Ja

"Malama, ƙara matsawa," in ji Rahmatu. "Ba ya kuka, matse shi da kyau."

Malama Ni'ima, ma'aikaciyar ƙaramin asibitin ƙauyensu da ke bayan Lolo, ta sake naɗa tef ɗin awo a damtsen Muhsin. Launi uku ne a jikin tef ɗin: kore na masu lafiya, ruwan ɗorawa na masu rama, ja kuwa na yaran da tamowa ta ci ƙarfinsu. Da can, ja da ɗorawa duk ana ba su gyaɗar nan mai zaƙi ta cikin leda, wadda ke tayar da yaro. Bana masu tallafin suka ce hannunsu ya yi gajarta, katan ɗin da suka iso ba su taka kara sun karya ba. Aka ce sai ja kaɗai.

Damtsen Muhsin, da bai fi muciyar kunu kauri ba, ya tsaya cak a kan ɗorawa.

Malama Ni'ima ta miƙe, fuskarta fal murna. "Mata, ku dubi Rahmatu! Wancan watan yaron ga bakin ja shike. Munka ce a ba yara wake da zogale, ta ji magana. Ku tafa mata!"

Aka tafa. Rahmatu ta tsaya tana karɓar tafi, ita da ta yi wata guda tana kwana da rabin ciki don ta tura wa yaron nata kason, tana yi wa matan rugar Fulani daka su ba ta nono. Ga shi kuma waken ya ƙare, rugar ta tashi ta haye Benin.

"To gyaɗar hwa, Malama?"

Murnar Malama ta ɗan dusashe. "Wallahi ba ni da iko. Saura ƙiris ya kai, amma bai kai ba. Ki dawo mako mai zuwa mu sake aunawa, ko Allah ya sa..." Ita ma ba ta san abin da za ta roƙa wa yaron ba.

A waje guɗa ake yi. Wata mata ce 'yan biyunta duk suka fito ja, ana ta yi mata barka kamar ranar suna, ita kuwa tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi. Rahmatu ta ji ƙyashi ya soke ta. Nan take kuma kunya ta rufe ta, ta yi istigfari.

Inna Atika, tsohuwar da ta kawo jikoki layin nan har ta fi ma'aikatan sanin dokarsa, ta jawo ta gefe.

"Ke kinka cuci kanki, ɗiyata. Wa ka ciyar da yaro ana gobe awo? Ki bar shi da ruwan kunu tsararo kwana biyu, zai sauka. In anka ba ki gyaɗar, ya murmure."

"Inna, in hana shi abinci don a ba shi abinci?"

"Ni na yi dokar?"

A bakin hanya, Zayyanu ɗan kabu-kabu, mai kai mutane ƙetaren iyaka ta Illo, ya ga fuskarta ya gane.

"Ɗorawa ko? Hau in kai ki Benin. Can har ɗorawa suna karɓa, da mutunci, har kujera za su ba ki."

Rahmatu ta matso kusa. "Suna ba da gyaɗar?"

"A'a, tasu ta ƙare tun da damina. Amma suna karɓa."

"To mi suka bayarwa?"

"Shawara."

Ta gyara goyonta ta kama hanyar kasuwar Lolo a ƙasa. Tana tafiya maganar Inna Atika na bin ta, kuma abin da ya fi ba ta tsoro shi ne maganar tana da kan gado. Kwana biyu kawai. Bayan su, ledoji cike da hannu.

A layin masu abinci, Rabi maƙwabciyarta mai sayar da dafaffen ƙwai ta hango su. Ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta zaɓo guda mai ɗumi ta danƙa mata.

"Na ɗana Muhsin ne."

Rahmatu ta zauna a gindin rumfa, ta kwanto Muhsin ta ɗora a cinya. Ya ga ƙwan. Bai yi kuka ba, ya dai buɗe baki yana jira, kamar yadda ya saba duk watan nan, don ya san in abu ya shiga hannun uwarsa nasa ne.

Ta daɗe tana juya ƙwan a tafin hannunta. Sannan ta ƙwanƙwasa shi a gwiwa, ta ɓare, ta gutsuro gwaiduwar.

"Ci," ta ce. "Ci, mu koma su sake tafa muna."