Farar Ƙasar Inna Marigo

Argiro ta durƙusa gaban allon sola na farko tana kankare shi da cokalin katako. Farar ƙasar ta riga ta bushe. Allo goma sha huɗu cikin ashirin an shafe su tas, an bi gefe-gefe da kyau, ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba.

"Ke, kar ki ɓata mini aiki," in ji mahaifiyarta Marigo, tana zaune kan dutse, bokiti da burushi a gefenta. "Jibi bikin Ista. Kowane bango a tsibirin nan ya yi fari, sai waɗannan da suka tsaya baƙi ƙirin kamar masu takaba."

"Inna, ba bango ba ne. Su ke ba mu ruwa."

"Ruwa a rijiya yake."

Shekara shida ke nan da ruwan rijiyar ya koma gishiri. Tun daga lokacin, allunan nan na bayan tsohuwar makaranta su ke tayar da injin tace ruwan teku, mutum tamanin na sha. Argiro ce mai kula da su. Makullin shingen da ya kewaye su ma a hannunta yake, jiya ta rataye shi a ƙusar kicin kamar kullum, da asuba Inna ta ɗauke.

Da tsakar rana jirgin ruwa zai iso da baƙin biki, a cikinsu har da yayanta Tanasis. Tun lokacin sanyi, ranar da aka tsinci Inna a bakin teku tana jiran mijinta da ya rasu shekara tara da suka wuce, Tanasis ya faɗa mata a waya: in aka sake, zai tafi da ita gidan tsofaffi a birnin Atina. Ya ma samo wurin.

Ta jiyo tarin Baba Kosmas, shugaban ƙauyen, yana hawo tudu. Da sauri ta jawo bokitin gabanta, ta tsoma hannu biyu a ciki. Inna kuwa ta koma jikin shinge tana tsinkar ganyen miya.

"Argiro! Injin ya yi shiru, ruwan tanki ko rabi bai kai ba, ga baƙi na..." Ya tsaya cak. Ya cire hularsa. "Ya Ubangiji. Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Baba." Ba ta ɗago kai ba. "Na zaci farin zai rage musu zafi."

"Ke? Ke da muka tura ki koyo har sati uku?"

Ya matsa ya bi gefen allo ɗaya da yatsa. Ya dubi Inna, ya daɗe yana dubanta.

"'Yata, tun kina ƙarama ba ki taɓa jan layi a miƙe ba. Ƙofar cocinmu shaida ce."

Ta ɗauki cokalin ta ci gaba da kankara.

"Mutane za su tambaye ni sunan wanda ya yi," in ji shi.

"Ka ba su nawa."

"To, ba za su bar makullin a hannunki ba."

Ta zare shi daga jikin kwaɗon shingen ta miƙa masa. Ya karɓa yana kallon wani wajen.

Ya turo matan ƙauyen guda huɗu da tsummoki da kwandon lemon tsami. Suka yi ta gurza, rana na dukansu. Ruwan ɗauraya ma daga tankin da ake tsoron ƙarewarsa aka ɗebo shi.

"Sannu, injiniya," in ji Kaliopi maƙwabciyarta. "Gobe sai ki hau tsani ki shafe ranar ma, mu huta gaba ɗaya."

"Ni dai in surukata ta zo ta tarar da famfo a bushe, gidanku zan kawo ta," wata ta ce.

Suka kwashe da dariya. Argiro ta ci gaba da gurza har fatar yatsunta ta ɗaye. Kafin ƙarfe sha ɗaya allo tara sun fito, injin ya yi tari ya tashi a hankali.

Ta kai Inna gida, ta wanke mata hannu, ta bi ƙarƙashin farce ɗaya bayan ɗaya da tsinke. Ta canza mata riga, ta ɗaura mata sabon ɗankwali, suka gangara bakin teku tare da kowa.

Tanasis ya sauko da jaka biyu, ya rungume mahaifiyarsa.

"Inna! Kin ga yadda kika yi kyau kuwa?" Ya juyo, ya rage murya. "Ya jikin nata?"

"Lafiya lau, Yaya. Ba abin da ya sake faruwa."

Inna ta kama hannunsa da hannu biyu, fuskarta cike da murna.

"Ɗana, kafin ka ci abinci zo in nuna maka. Baƙaƙen allunan nan na bayan makaranta, ni kaɗai na shafe goma sha huɗu yau da asuba. Wannan yarinyar ta tara mata suna ta goge mini, saura biyar."

Kaliopi, da ke tsaye kusa da su, ta sunkuyar da kai. Tanasis ya dubi ɗayayyun yatsun ƙanwarsa. Ya waiwaya wajen mutumin da ke ɗaure igiyar jirgin.

"Malam, yaushe za ku koma?"

"Talata da safe."

"Ka riƙe mini wurin mutum biyu."

Inna ta ja hannunsa suka nufi tudu, tana ta yi masa sauri kada a goge sauran kafin ya gani.