Ɗakin Bakin Kanal

Danshi ya hau bangon sabon ɗakin har gwiwa, ga wata siririyar tsaga ta taso daga tushe. Baballe ya zura ɗan yatsa a ciki. A bayan bangon nan 'yarsa Ni'imatullahi take kwance da jaririn kwana biyar.

Shi ya jawo wa kansa. Lokacin da aka rufe ruwa don yashe kanal ɗin ban ruwa, ƙasa ta bushe ƙamas, ya hangi fili zaune a banza tsakanin gidansa da gaɓa. Nan ya kafa ɗaki, don 'yar ta zo wankan jego ta sake. Mutumin da ya shekara talatin yana noman rani a Bunkure, wai shi ne ya manta ruwa yana bin ƙarƙashin ƙasa.

Ya je ya kamo Obadiah, mai buɗe ƙofar ruwa, ya nuna masa. Obadiah ya ce su a ofis ekstenshan suke kiran irin wannan, wato ƙarin da aka manna wa gida daga baya. Gidan yana nan daram, ƙarin ne ke zaune a kan laka. Baballe ba sunan abin ne ya dame shi ba. Ya roƙa a rufe ruwan ko na kwana uku, a yi suna jibi, baƙi su watse.

"Malam, shinkafa ta yi ciki," in ji Obadiah a hankali. "Makon jiya kai ka ja manoma kuka ce in ƙara ruwa. Wa zan fara gaya wa na rufe?"

Baballe ya juya ya bar shi nan.

A gida ya tarar da matarsa Saude tana dafa ruwan wanka. Da ya kawo maganar sauya wa 'yar ɗaki, ta ce ba ta ga dalilin tayar da mai jego ana jibi suna ba, ɗaki ya sha gyara, me dangin miji za su ce? Ya yi sallama ya shiga sabon ɗakin.

"Baba, tun safe ƙasa take zubo mini a kan gado," in ji Ni'imatullahi.

Tsoro ya rufe shi. Ya miƙa hannu ya karɓi jaririn, ya ce ta biyo shi, ya ratsa tsakar gida zuwa tsohon ɗakinsa. Saude ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga ƙasa a jikin zanen jaririn. Ta ajiye ƙwarya, ta shiga kwaso kaya.