Sanata Olive ta zauna a ƙasa

Da na ji Malama Olive za ta zo Washington, abin da ya fara zuwa raina shi ne zaɓen ƙungiyarmu ta 'yan Filato mazauna Amurka, wanda saura wata ɗaya. Ina neman shugabanci, kuma tun ranar da ta zama sanata a ƙasarsu Ireland nake cika wa mutane kunne cewa ita ce ta raine ni.

Gaskiyar ba ta kai haka daɗi ba. Ta koyar da ni lissafi a Pankshin shekara uku, ta kan zo gidanmu ta zauna da mahaifiyata suna ɓare gyaɗa. Bayan ta koma gida ta rubuto mini wasiƙu sun kai goma, ban amsa ko ɗaya ba. Sai da na ga sunanta da "Sanata" a gaba na tuna ina da biro.

Ita ta nemi zuwa gidana a Woodbridge, kusa da Washington, ta ce ni da iyalina kawai. Ni kuwa na gayyaci mutum arba'in. Na yi hayar kujera mai ruwan zinariya, na sa aka buga ƙyalle da hotona kusa da nata. Matata Constance ta ce abin ya yi yawa, na ce ba ta san siyasa ba.

Ranar Asabar da rana ta iso a tasi, ita kaɗai, tsohuwa da rigar ruwa da jakar hannu. Baba Martins, dattijon ƙungiyarmu, har leƙa titi ya yi yana neman motocin rakiyarta.

Na fara jero mata muƙamai, ta ɗaga hannu. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta wuce kujerar zinariyar kamar ba ta gan ta ba, ta durƙusa da ƙyar ta zauna a kan kafet.

"Longji," ta ce da Hausarta ta mutanen Pankshin, "ya haƙuri? Ya haƙurin Mama?"

Wata takwas ke nan da rasuwar mahaifiyata. Ban je jana'iza ba, na ce aiki ya riƙe ni. A nan ma ban faɗa wa kowa ba, ban yi zaman makoki ba, don kada a tambaye ni yaushe rabona da gida. Shekara goma sha ɗaya ne.

Ba ta san ta tona ni ba. Ta ci gaba da ba mutane labari cewa duk Kirsimeti Mama kan sa a rubuta mata wasiƙa, shekara talatin da biyar ba fashi, ko lokacin da ita Malama Olive ta faɗi zaɓe har sau biyu, ba wanda ya san da ita. Bara ba ta ga wasiƙa ba, ta bincika, aka gaya mata. Ta ce a Pankshin ta koyi cewa gaisuwar mutuwa da ƙafa ake zuwa, shi ya sa ta zo.

Ta buɗe jaka ta miƙo mini wasiƙun, ɗaure da zare. Ta ce kowacce akwai sunana a ciki.

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Baba Martins ya tashi daga kujerarsa, ya cire hula, ya zauna a ƙasa kusa da ita. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka sauko, mata suka ja gyale suka rufe kai. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zage ni ɗin.

Ni kaɗai na rage a tsaye, da babbar riga, ƙarƙashin hotona.

"Zauna, ɗana," in ji Baba Martins. "Mu yi wa uwarka zaman da ba ka yi mata ba."