Ɗigo na Goma Sha Huɗu

Auta ta kara fuskarta da gilashin tankin, ta ce, "Baba, wannan reshen ya fara fari."

"Na'urarki me ta ce?"

"Ɗari huɗu da ashirin. Lafiya lau."

"To, ita dai lafiyarta ƙalau," in ji tsohon.

Shekara goma sha ɗaya ke nan mahaifinta yana kula da tankin ruwan gishiri na zauren jiran asibitin. Murjani mai rai da ke ciki bai fi ɗan yatsa ba ranar da aka kawo shi. Yau ya yi rassa kamar ƙahon barewa, har marasa lafiya kan shagala su manta an kira lambarsu. Da sinadarin kalsiyam ɗin cikin ruwa yake gina jikinsa, in ya yi ƙaranci sai ya mutu a tsaye. Wata uku da suka wuce Auta ta kawo na'urar awon kalsiyam mai allo, kuma tsohon da ko wayar hannu faɗa yake da ita ya karɓa ba gardama.

Ta buɗe kabad, sai ga kwalbar ruwan saita na'urar, ko marfinta ba a taɓa ba.

"Baba, ba ka karanta takardar ba? Duk mako ake saita ta!"

Ya laluba ya ɗauko tsohon akwatin gwajinsa, ya ɗebi ruwan tanki a 'yar kwalba, ya sa magani, ruwan ya koma ruwan hoda. Hannun nan ko rawa ba ya yi.

"Ni zan ƙirga ɗigo. Ke ki zuba ido, in ya juya shuɗi ki gaya min. Ashirin da ɗaya muke nema, shi ne daidai da ɗari huɗu da ashirin ɗinki."

"Kai fa?"

"Ɗaya," ya ce. "Biyu."

Sai yanzu ta gane ganinsa ya ragu. Ashe ba wayewa ce ta sa ya karɓi na'urar ba, manyan lambobinta ne.

A ɗigo na goma sha huɗu ruwan ya juya tashi ɗaya, kamar an kunna fitila a ciki.

"Ikon Allah! Baba, ya juya!"

"Sha huɗu? Yunwa yake ji, bawan Allah. Za mu ceto shi." Ya ɗaga kwalbar wajen taga, ya daɗe yana juya ta. "Auta, wane irin shuɗi ne?"

Ta jawo kujera kusa da shi, ta fara gaya masa.