Wasiƙar Baba ta Biyu

Bayan rasuwar Baba na kai kwamfutarsa wurin mai gyara. Inna ta rantse cewa kafin ciwo ya kwantar da shi ya sake rubuta mini wasiƙa, ya yafe mini.

Mai gyara ya daɗe yana bincike, sannan ya cire tabarau.

"Malam, na'urar nan tana adana kwafin komai duk mako. Amma da lamba take gane fayil, ba da suna ba. Wasiƙun biyu lambarsu ɗaya, sai manhajar sharewa ta ɗauka abu ɗaya ne, ta goge sabuwar."

Na ce, "Tsohuwar fa?"

Ya juyo mini da allon. Layi ɗaya ne tak: "Kada ka sake taka mini gida."